Na sayar da shago in gina bene?

Ɗan Ɗorayi: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina zaune a gidan gado a Ɗorayi, ɗaki uku da tsakar gida, ba haya nake biya ba. Amma tun da abokina ya tare a bene a Rijiyar Zaki, da tayil har bakin ƙofa, raina ya ƙi kwanciya. Uwargida ma kullum zancen kenan. Ina da fili, kuɗin gini ne babu, sai in na sayar da shagona na Kantin Kwari. In sayar?

Baban Ummi: Malam, kul! Shagon ne ke ciyar da kai. Ni na fara gini buhun siminti bai kai dubu biyar ba, farkon 2024 ya haura dubu goma. Ga ginin can a linta, awakin unguwa ke kwana a falon.

Hajiya Mai Atamfa: Ku daina ɗora wa matar laifi. Ranar suna a tsakar gida ake girki, baƙi na zaune kan tabarma kusa da makwarara. Wa zai ƙi son wuri mai kyau? Amma ƙanena, gyara na Ɗorayin tukuna, ka fitar mata da kicin da banɗaki na zamani.

Injiniya: Kuma bene ci gare shi. Famfon tura ruwa sama, sola, fenti duk bayan damina biyu. Abokin naka ka tambaye shi nawa yake kashewa a wata?

Ɗan Ɗorayi: Ban tambaya ba wallahi. Hajiya, kicin ɗin zai kai nawa?