Shin kuskure ne a ce "dialectically" ana nufin karin harshe?

Ɗalibar Harshe: Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku. A kundina na rubuta cewa "church" da "kirk" sun bambanta "dialectically", wato ta fuskar karin harshe, tunda mutanen Sikotilan "kirk" suke ce wa coci. Mai duba aikin ya ja layi da jan biro, ya ce wannan bayanau na masu falsafa ne, in sa "dialectally". Da gaske kuskure ne?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiyarsa ce. "Dialectically" ta fito daga "dialectic", hanyar neman gaskiya ta tambaya da amsa, irin wadda Sukurat yake yi a rubuce-rubucen Aflatun, masana falsafar Girka na da: ka faɗi ra'ayinka, a yi ta tambayarka har a ga inda maganarka ta ci karo da kanta. A makarantun Turai na da, wannan fanni yana cikin darussa 3 na farko, tare da nahawu da balaga. Karin harshe kuwa yana da tasa kalmar. Ki gyara.

Ɗan Zariya: Malam, Allah ya gafarta, a nan ban bi ka ba. Buɗe ƙamus ɗin Merriam-Webster ka duba "dialectical": ma'ana ta biyu ita ce ta karin harshe. Kuma ba yau aka fara ba. Turawa sun yi amfani da sifar a ma'anar manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, tun ƙarni na 16, a ma'anar karin harshe tun ƙarni na 18. "Dialectal" da kake fifitawa sai a ƙarni na 19 ta bayyana. Yaya za a ce wa wadda ta riga zuwa baƙuwa?

Malamin Turanci: Tsufan kalma ba shi ne hujja ba. Me ya sa aka ƙirƙiro sabuwar in tsohuwar ta wadatar?

Hajiya Mai Fassara: Ku bari in sa baki. Abin da ya sa suka cakuɗe shi ne uwarsu ɗaya. A Girkanci akwai aikatau "dialegesthai", ma'anarsa a tattauna. Daga nan aka samu "dialektos", yadda mutanen wani yanki suke magana, kamar na biranen Atina da Sparta, aka kuma samu "dialektike", gwanintar tattaunawa. Da Turanci ya aro su, ƙarshensu ya zo ɗaya. Saboda haka ɗalibar nan ba ta karya nahawu ba, kuma bai kamata a sa mata jin ta yi jahilci ba. Wannan ya dame ni, domin jan biro irin wannan yana kashe wa yara gwiwa.

Ɗan Zariya: Madalla, Hajiya.

Hajiya Mai Fassara: Tsaya, ƙanena, ban gama ba. Ni ma da ni ce zan canza ta. Tun da Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ya fitar da littafinsa na manɗiƙi tsakanin 1812 da 1816, kalmar ta ɗauki wani nauyi: cewa kowane tunani yana ɗauke da kishiyarsa a cikinsa, kuma daga wannan karo ake ci gaba. Karl Marx, jagoran tunanin gurguzu, ya zo a 1873 ya rubuta cewa a wurin Hegel hanyar a bisa kai take tsaye, sai an mayar da ita bisa ƙafafunta. Daga nan 'yan gurguzu suka yaɗa ta duniya. Yau mai karatu a jami'a ya ga "kalmomi biyu sun bambanta dialectically", zai iya ɗauka ana nufin suna karo da juna ne irin na Hegel.

Almajirin Zaure: Ƙarin bayani kaɗan. Ma'anar farko, ta falsafa, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Littafin Aristo, masanin falsafar Girka, kan wannan fanni an fassara shi zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, ana kiransa littafin jadali. Larabci bai shiga wannan ruɗani ba, domin jadali (muhawara) daban, lahaja (karin harshe) daban. Mu ma muhawara daban, karin harshe daban. Ba wanda zai haɗa Sakkwatanci da manɗiƙi.

Ɗan Zariya: Na yarda akwai inda ruɗani zai iya shiga. Amma a jimlar da ke magana kan "kirk" da "church", wane mai hankali zai tuno Hegel? Abin da na ƙi shi ne a kira zaɓi kuskure. Da mai dubawa ya rubuta "masana harshe sun fi son ɗayar", da ban ce uffan ba.

Malamin Turanci: A ɗakin jarrabawa, abin da masana fannin suka fi so shi ne doka. Kundin nata na nazarin harshe ne, masu karanta shi "dialectally" suke rubutawa.

Ɗalibar Harshe: Na gode muku duka. Zan sa "dialectally" a kundin. Amma Malam, gobe zan tafi wa mai dubawa da shafin ƙamus ɗin, in tambaye shi cikin ladabi ko maki ya rage mini a kan wannan.