Masu tallafi sun ce mu turo musu jerin sunayen masu cin gajiya gaba ɗaya. Ku ya kuka yi da irin wannan?

Jami'ar Sa-ido

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin sa-ido da tantancewa a wata ƙaramar ƙungiya da ke taimaka wa matan da aka ci zarafinsu: mu kai su asibiti, mu haɗa su da lauya, wasu mu ba su ɗan jari. Masu ba mu tallafi sun aiko da imel suna so mu tura musu cikakken jerin matan, da suna da lambar waya da shekaru da unguwa da irin taimakon da kowace ta samu. Wai so suke su tabbatar mutanen na gaske ne. Shugabanmu ya ce in tura kawai, kada mu ɓata da masu kuɗi. Ni kuma fom ɗin da matan suka sa wa hannu yana gabana, a ciki mun rubuta cewa bayanansu ba za su fita daga ƙungiya ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Akanta

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ɗan kare masu tallafin, don na san za a yi musu ca. Ba son gulma ne ya sa suke tambaya ba. Sunayen bogi gaskiya ne a wannan harka, duk wanda ya daɗe a sashen kuɗi ya ga takardar da mutum ɗaya ya dangwala wa yatsa a gurabe ashirin. Su ma akwai waɗanda ke bincikar su a sama.

Sai dai tabbatarwa daban, kwasar jeri daban. Da suka nemi namu, abin da muka ba su jeri ne mai lamba kawai, babu suna. Odita ɗinsu, wato mai binciken kuɗi, ya zaɓi wasu lambobi da kansa, ya zo ofis, muka fito masa da fayil ɗin kowace lamba ya duba a gabanmu. Bai ɗauki hoto ba, bai tafi da kwafi ba. Ya rubuta rahotonsa, magana ta ƙare. Su kansu masu binciken kuɗi da samfuri suke aiki, ba sa bin kowane rasit.

Mai Kwamfuta

Shawarar Malam Akanta ta yi, amma ina da gargaɗi a kan "babu suna". An taɓa turo min fayil ɗin Excel daga wata ƙungiya da muke aiki tare, aka ce an cire sunaye. Na buɗe sai na ga layin sama ya tsallake daga B zuwa E. Na danna sau biyu, ga sunaye da lambobin waya sun bayyana reras. Ɓoye su aka yi, ba gogewa ba. Kuma fayil ɗin ya riga ya bi ta imel ɗin mutane da dama kafin ya iso gare ni.

Ko an goge sunan da gaske, sauran bayanan na iya tona mutum. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Ita ce kuma ta zaƙulo bayanan asibitin gwamnan Massachusetts na lokacin, William Weld, daga cikin bayanan da aka ce an cire musu suna. To ina ga ƙaramin wuri, inda mace mai shekara 19 da 'ya'ya biyu da aka kai asibiti a wata kaza ita kaɗai ce?

Idan da manhajar cike fom a waya irin KoboToolbox ko ODK kuka tattara, ki duba ko fom ɗin yana ɗaukar GPS, wato alamar ainihin wurin da aka cike shi. Sau da yawa wurin da aka cike fom shi ne ƙofar gidan matar. Ki cire shi, ki mayar da shekaru rukuni-rukuni, 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, ki haɗa ƙananan unguwanni wuri ɗaya. Kuma sabon fayil za ki buɗe ki kwafa abin da za a tura kaɗai, kada ki gyara na asali ki aika.

'Yar Fage

Ni ba ni da ilimin kwamfuta, a fage nake, ni ke zama da matan. Abin da na gani shi zan faɗa.

A wani aiki da na yi a baya an miƙa jerin, kuma masu tallafin suka ba wani kamfani kwangilar kiran mutane a waya don tabbatarwa. Wanda ya tsara abin bai san cewa lambar da mace ke bayarwa sau tari ba tata ba ce. Ta miji ce, ko ta yayanta, ko ta maƙwabciya. Aka kira wata lamba, namiji ya ɗauka, mai kiran ya gaishe shi cikin ladabi ya ce yana son magana da wance game da taimakon da ta karɓa daga cibiyar mata. Mijin ne. Bai ma san ta taɓa zuwa wurinmu ba. Da na sake ganinta ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Anti, ai kin ce ba wanda zai ji." Daga ranar ba ta ƙara zuwa ba, kuma ƙawayenta biyu da ta kawo su ma suka ɗauke ƙafa.

Shi ya sa yanzu a fom ɗinmu akwai tambayoyi biyu bayan lambar waya: wayar ta wace ce, kuma an yarda a kira ko ba a yarda ba. Yaya Jami'a, in ma za ku bari a tuntuɓi wasu, ku ne za ku fara tambayar su, ku kuma haɗa su.

Tsohon Hannu

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya. Manyan hukumomi ma sun yi tuntuɓe a nan. A Yunin 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa bayanan da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara daga 'yan Rohingya sun isa hannun gwamnatin Bangladesh, ita kuma ta miƙa sunaye aƙalla 830,000 ga Myanmar, ƙasar da mutanen suka gudo daga cikinta. Hukumar ta ce ta nemi amincewarsu. Da yawa daga waɗanda aka zanta da su sun ce su dai sun ɗauka rajistar katin karɓar agaji ce. Mai jin yunwa in ka miƙa masa fom zai sa hannu, wannan ba ya nufin ya yarda da duk inda takardar za ta je.

Ni nawa ba masu tallafi ba ne, wani jami'in hukuma ne ya zo da kansa yana neman jerin waɗanda muke bai wa magani. Na ba shi kujera, na ce ranka ya daɗe, ba ni da ikon bayarwa, a rubuto mana a takarda da dalili da dokar da aka dogara da ita, kwamiti zai zauna. Takardar ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ya cece ni shi ne da gaske nake, ba ni da ikon. Tun kafin nan kwamitin amintattu ya rubuta cewa duk bayanin da ke nuna mutum ba ya fita sai da sa hannun mutum uku: shugaba, mai kula da bayanai, da ɗaya daga cikin amintattu. Matsalar da nake gani a wurinku ita ce an bar ki ke kaɗai tsakanin shugaba da imel. Wa ke da bayanan nan a ƙungiyarku, a rubuce? In amsar ita ce "duk wanda fayil ke kwamfutarsa", to nan za ku fara gyara.

Lauyan Ƙungiya

Hajiya, kafin komai ki ɗauko yarjejeniyar tallafin ki karanta sashen binciken kuɗi da na mallakar bayanai. Na sha ganin ƙungiya ta sa hannu a kan cewa duk abin da aka tattara da kuɗin aikin na mai tallafi ne, sannan ta je fage ta yi wa mutane alkawarin sirri. Alkawari biyu masu karo da juna, kuma ba wanda ya lura don wanda ya sa hannu a yarjejeniya ba shi ya tsara fom ba.

In masu tallafin naku a Tarayyar Turai suke, dokarsu ta kare bayanan mutane, wato GDPR, da ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018 tana kansu da zarar bayanan sun shiga hannunsu. Ta ce a tattara iya abin da ake buƙata, don manufar da aka bayyana, kuma bayanan lafiya suna cikin rukunin da aka tsaurara wa kariya. Kenya ta yi tata dokar a 2019, Najeriya a 2023, duk a kan wannan turba. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in nemi a haɗa ni da jami'in kare bayanai na masu tallafin. Galibi wanda ya aiko imel ɗin ma'aikacin shiri ne da ke son cike gurbi a rahoto. Da nasu jami'in ya ji an ce sunayen matan da aka ci zarafinsu ne za su sauka a akwatin imel ɗinsu, shi ya fara cewa a dakata.

Idan dole sai wani abu ya fita, a yi takarda: me za a bayar, don me, wa zai gani, ta wace hanya, yaushe za a goge, kuma in an yi kutse cikin awa nawa za a sanar da ku. Maganar gogewa kada ki raina ta. A 2020 an yi wa kamfanin Blackbaud kutse, wanda ke ajiye wa dubban ƙungiyoyin agaji da jami'o'i bayanan masu ba da gudummawa, kuma cikin abin da aka kwasa har da tsofaffin bayanan da ya kamata a ce an daɗe da share su.

Sabon Shiga

Gaskiya mu mun tura namu. Mu huɗu ne a ofis, mai tallafi ɗaya gare mu, albashin wata mai zuwa na hannunsa. Namu ma jerin ɗalibai ne da aka ba littattafai, ban ga abin tashin hankali a ciki ba. Duk wannan kwamiti da lauya da kuke faɗa, masu hali ne ke da su.

Tsohon Hannu

Ɗana, ban ga laifinka ba, kuma jerin littattafai ba ɗaya yake da na matan Hajiya ba. Shi ya sa ake raba bayanai hawa-hawa: wanda kowa zai iya gani, na cikin gida, da wanda in ya fita wani zai cutu. Amma ka ce ɗalibai, ke nan yara ne, da sunan makaranta da aji. Iyayensu sun sani? Kwamitin da nake faɗa kuma ba ya cin ko sisi. Shafi ɗaya ne da sa hannu.

Mai Kwamfuta

In ƙara a kan ta Baba. Girman mai karɓa ba ya nufin wurinsa a tsare yake. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, waɗanda suka haɗa da ɓatattu da tsararru da iyalan da yaƙi ya raba, har sai da aka rufe na'urorin shirin sada iyalai na wani lokaci. Waɗannan mutane ne masu ƙwararru da kuɗi. Kowane kwafi da ka aika ƙarin wuri ne da za a iya sata, kuma kai ba ka da makullinsa.

Akanta

Ni dai abin da nake roƙo, kada a amsa musu da "a'a" tsurarta. Mai tallafin da ya ji a'a ba tare da wata hanya ba, zargi zai fara. A ba su zaɓi a cikin amsar farko.

Jami'ar Sa-ido

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yarjejeniyar kamar yadda Barista ya ce. Ta ba su damar duba takardu a ofishinmu, ba ta ce a tura musu ba. Na kai wa shugaba wannan sashen tare da fom ɗin matan, na kuma ba shi labarin da 'Yar Fage ta bayar. Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta amsar shi zai sa hannu. Mun ba su jeri mai lamba da rukunin shekaru, babu unguwa, mun kuma gayyaci odita ɗinsu. Sun amince da zuwan, amma har yanzu suna son magana da wasu matan kai tsaye, mun ce sai waɗanda suka yarda, kuma a ofis.

Wani abu kuma ya taso. Da nake haɗa jerin na gano akwai kwafinsa a wayoyin ma'aikatan fage, a wani tsohon zauren WhatsApp, da kuma imel ɗin wani da ya bar aiki bara. Malam Mai Kwamfuta, ta ina ake fara tattaro waɗannan?

Mai Kwamfuta

Ta imel ɗin wanda ya tafi. In na ƙungiya ne, a sauya kalmar sirri yau. In nasa ne na kansa, sai shugaba ya kira shi ya roƙe shi ya goge, ya kuma tabbatar a rubuce. Na WhatsApp ɗin ya fi wuya, don fayil ɗin ya riga ya sauka a wayar duk wanda ya buɗe shi, rufe zauren ba zai cire shi ba. Sai kin zauna da kowa da wayarsa a hannu.