Yaya zan ja mutanenmu zuwa Badagry?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu Hausawan Badagry da ke jihar Legas mun shirya taron al'ada bayan Sallah, da dambe da kiɗan kalangu, sannan mu kai baƙi tsohon benen mishan na 1845 da tsibirin Gberefu, inda aka riƙa loda bayi a jirgi. Amma mutanenmu na unguwannin Agege da Mile 12 a birnin Legas sun ƙi motsi. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce cunkoson hanyar Mile 2 zai cinye masa yini, ga shago a rufe. Wata biyu ina raba takarda a ƙofar masallatai, mutum 9 kaɗai suka rubuta suna, abin yana damuna ƙwarai. Mu yi hayar bas mu kwaso su ne, ko mu bi ta hannun sarakunan Hausawa? Don Allah wanda ya taɓa shirya irin wannan ya ba ni shawara.