Wane amortisa ya dace da tsohuwar Land Cruiser HJ75 mai shiga daji?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, ina kwananku. Shawara nike nema don Allah. Ina da Land Cruiser HJ75 pikof ta 1988, injin 2H, gadon mahaifina ce Allah ya jiƙan shi, shi ya sa ban iya rabuwa da ita. Aikinta ɗaukar hatsi da dabbobi tsakanin Damagaram da Tanut, wani lokaci har Tesker ta Gure. Wata shida da suka wuce na sa mata amortisa (abin nan mai kashe tsallen mota) sabbi masu arha wai na kamfani ne, yanzu biyu na baya duk sun zubar da mai, in na hau gargada sai bayan motar ya riƙa tsalle kamar zai wuce gaba, ran nan saura kaɗan ta juya mini da buhuna a kai wallahi jikina har yanzu bai daina rawa ba. Na gas zan sa ko na mai? Kuma wane suna?

Usta Garin Malam:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka kashe ko dala, duba lam tukuna, wato jerin ganyen ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota. Motar nan gaba da baya duk a kan lam take zaune, su ke ɗaukar kaya, amortisa aikinshi kawai ya kashe tsalle. In lam sun kwanta to amortisa na aiki a matse kullum, kowane rami sai ya daku har ƙarshe, ko na miliyan ka sa wata nawa ne ya fashe. Ajiye ta wuri mai daidai ba kaya, ka ga ko bakan lam na nan ko sun miƙe, ka duba robar da ke tare aksil kar ya bugi shasi, galibi a tsofaffin nan ta gutsure ko babu ita ma gaba ɗaya. In an taɓa ƙara mata ganyen lam, don masu kaya duk suna yi, to tsayinta ya canza, sai a auna amortisa a buɗe da kuma a rufe, kar a saye da ido.

Direban Agadas:
Usta ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, zafi ke kashe su a hanyoyinmu. Awa biyu kan gargada a watan Afrilu ka taɓa amortisa ka ji, hannu bai zama. Man ciki in ya yi zafi kumfa yake, sai ya zama kamar babu shi. Na gas nitrojin ne aka matsa ciki don hana kumfar nan, amma shi ma da mai a ciki, mutane na zaton iska ce zalla. Ni KYB nike sawa. Bilstein irin mai bututu ɗaya ya fi saurin huce zafi, sai dai in dutse ya loɓa jikin shi fistan ya maƙale shi ke nan, mai bututu biyu kuwa ya kan jure ɗan loɓawa. Old Man Emu na Ostareliya don irin wannan aikin aka yi shi amma kuɗin ba wasa. Kuma rage iskar taya in ka shiga rairayi, da rage gudu in da lodi.

Ɗan Birni:
Na gode Usta, na gode Alhaji. Gaskiya an ƙara mata ganye biyu a baya tun zamanin Baba, ban taɓa kawo wannan a raina ba. To a Kasuwar Dole ta Damagaram zan nema ko in aika Ƙofar Ruwa a Kano? Tsoron jabu nike.

Usta Garin Malam:
Ko ina ne ka tafi da tsohon a hannu da awon da aka yi. Tsayar da sabon a tsaye ka danna ka ja sau huɗu biyar, ya yi tauri daidai tun daga farko har ƙarshe, in ka ji wani wuri ya zarce fayau ajiye mishi abinshi. Biyu-biyu ake canzawa, da sabbin robobi, kuma kar yaro ya ɗaure noti tana kan jak, sai ta sauka ƙasa da nauyinta, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage. Kawo ta gareji ranar Asabar da safe in auna maka.