Tambaya: me zai hana a keɓe sararin gwajin jirage marasa matuƙa a fadamar Argungu?

Malamin Gona, Argungu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar jiragen sama ce.

Duk wanda ya noma shinkafa a fadamar nan ya san tsuntsun jan baki. Da shinkafa ta fara nono, yara na gona tun asuba, an jera gwangwanaye a igiya ana ja, ana ihu har murya ta dushe. Tsuntsun kuwa ba a gonar yake kwana ba. Makwancinsa na can cikin ciyayin ruwa, wani lokaci tafiyar kilomita da yawa, inda babur ba ya shiga. Idan ba a gano wurin ba, ko jirgin feshi aka kawo, maganin ne kawai zai tafi a banza.

Akwai wani yaro a unguwarmu da ya haɗa ƙaramin jirgi mai fukafukai da kyamara a ƙirjinsa. Batirinsa zai kai shi nesa. Amma ƙa'idar da ake bi kusan ko'ina ita ce kada jirgin ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, kuma kada ya haura mita 120. Ranar da aka yi hazo, ko rabin kilomita bai yi ba ka daina ganinsa. To ta yaya za a bi garken tsuntsu da yamma har makwancinsa? Kuma a ina yaron zai gwada ya san abin da jirginsa zai yi idan sadarwa ta yanke a nesa?

Malawi ta yi wannan tun 2017. Gwamnatinsu da UNICEF suka keɓe sarari a Kasungu, kilomita 40 ta kowace fuska daga filin jirgin garin, jami'o'i da kamfanoni na zuwa gwaji. Amurka ta zaɓi wuraren gwaji shida a 2013. Mu da muke da shimfiɗaɗɗiyar fadama, babu dogayen gine-gine, me ya hana? Wa ake nema?

Tsohon Ma'aikacin Filin Jirgi, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Sama ba ta gwamnatin jiha ba ce, fara da sanin wannan. NAMA ce ke kula da zirga-zirgar sararin samaniya, NCAA ke ba da izini, kuma tun 2016 aka ce sai da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙofa uku ke nan.

Keɓe sarari ba katanga ake yi ba. A taswira ake zana iyaka, a ce daga ƙasa zuwa tsayi kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, a fitar da sanarwar da matuƙa ke karantawa kafin su tashi. Sai an samu mutum ɗaya mai waya a hannu, wanda idan hasumiyar filin jirgi ta kira shi zai sauko da komai nan take. Jirgin gwajin ma dole a saita shi ya juyo gida da kansa idan ya rasa sadarwa.

Matsalar wurinka ita ce filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Jirgi mai sauka yana ƙasa-ƙasa tun daga nesa, balle lokacin jigilar alhazai. Ka yi yamma, ga iyakar Nijar. Ka gangara Yawuri, sansanin sojin sama na Kainji na kusa. Ba na ce ba zai yiwu ba, amma da'ira irin ta Malawi ba za ta zauna a nan ba. Siririn zirin da ya bi gulbi ya yi arewa, shi za a iya saurara.

Uwar Yara, Tsafe:

Malam, Allah ya saka da niyyar alheri. Amma ni daga Zamfara nake rubutu, kuma a nan idan aka ji ƙugi a sama, ba wanda ke tunanin shinkafa. Mata na kwashe yara su shige ɗaki. A Maris na 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, hana shawagin jirage aka yi a jiharmu baki ɗaya. Tudun Biri kuma ba mu manta ba, Disambar 2023, jirgi mara matuƙi na soja ya hallaka sama da mutum 80 a wurin Mauludi. Sannan abin da ya iya hango makwancin tsuntsu zai iya hango garken shanu da hanyar shiga gari. Hotunan hannun wa za su shiga?

Ma'aikaciyar Jinya, Yawuri:

Hajiya, tsoronki gaskiya ne. Ni dai abin da na gani shi ne mace mai zubar jini bayan haihuwa a tsallaken ruwa, ana jiran kwalekwale. Kamfanin Zipline ya fara kai jini ta sama da jirgi mara matuƙi a Ruwanda a 2016, ya buɗe cibiya a Pambegua ta jihar Kaduna a 2022. Jirgin ba ya sauka, sakin kwalin yake da 'yar lema. Idan an amince da wannan a Kaduna, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Malamin Gona, Argungu:

Baba, na gode, zancen Ambursa ya sauya min lissafi. Zirin ya ishe mu. Tsuntsun ma gulbin yake bi.

Hajiya, maganarki ce ta fi tsaya min a rai. Amsata ita ce jiragen nan sun riga sun shigo, a wuraren biki ma ana tashin su, ba wanda ya san na waye. Sararin da aka keɓe shi ne wurin da za a san sunan mai jirgi, lambarsa da lokacin tashinsa. Kuma ban yarda a fara ba sai masarauta ta sani, hakimai da dagatai sun sani, an faɗa a masallacin Juma'a da rediyo cewa ranar kaza da la'asar farin jirgi zai bi gulbi, na gona ne. A kai shi kasuwa mutane su taɓa shi da hannu. Hotunan kuma su tsaya a ofishin gona, jami'an tsaro na da damar dubawa.

Baba, idan ƙungiyar manoman shinkafa ce za ta rubuta, ko sai an haɗa da jami'a, wanne NCAA za ta fi saurara? Ina so mu shigar da takardar kafin shinkafar rani ta fara fitar da kai.