Abin da aka ce kan riƙon ƙaramin karen kiwo a gida

A tattaunawar da wasu mazauna Aboabo a Kumasi suka yi kan karen Korgi, wanda asalinsa yankin Wales ne inda ake kora shanu da shi, yawancinsu sun ce ƙanƙantarsa yaudara ce. Idan ba a fita da shi safe da yamma ba, haushinsa zai gundiri maƙwabta, musamman a gidan haya. Yakan kuma ciji dunduniyar yara masu gudu kamar yadda yake yi wa shanu, wannan kuwa, a ganina, tun yana kwikwiyo ya kamata a hana shi. Gashinsa yana da kauri, saboda haka yana buƙatar inuwa da ruwa, a riƙa cire masa kaska, a yi masa rigakafin cutar haukan kare. Dattawa suka ce makwancinsa ya yi nesa da wurin salla.