Mashin ɗin Baba a Zaure

Babban ɗan marigayi:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Yau kwana 40 da rasuwar mahaifinmu, wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin agaji a nan Sakkwato, kuma ina roƙon duk wanda ya san shi ya amsa mini a kan wannan amsa-amo.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayarwa, Mai ɗaukewa.
Mashin ɗin Baba yana zaure,
Ƙura ta hau, ba mai sharewa.
Rigar agajinsa na rataye,
Har yau na kasa saukewa.
Ku da kuka bi shi hanya,
Ku faɗi abin da bai faɗa wa kowa.

Abokin aikinsa:

Ɗana, ni zan fara, domin tare muke a watan Satumba na 2010, lokacin da Gulbin Rima ya yi ambaliya har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ranar da ruwa ya ci Kwalkwalawa,
Gero ya nutse ana dubawa.
Buhu ya ɗaure a bayan mashin,
Taɓo har gwiwa yana turawa.
Ya miƙa wa masu kwalekwale,
Ya juya gari don ƙarowa.
Akwatin rigakafin shan inna,
Kware da Wurno yake kaiwa.
In maigida ya rufe ƙofa,
Sai ya zauna yana rarrasawa.
A 2020 aka yi shelar
Najeriya ta samu kuɓutowa.
Da ya ji a rediyo ya yi sujada,
Na ga hawayensa na zubowa.

Maƙwabciyarsu:

Ni ban iya waƙa ba, amma bashin da ke wuyana bai bar ni in yi shiru ba.

Shekarar sanƙarau, 2017,
Wuyan ɗana ya ƙi lanƙwasawa.
Tsakar dare na buga ƙofa,
Malam ya fito ba tambayawa.
Na rungume yaron a bayansa,
Daga Mabera ba tsayawa.
Asibitin Ƙwararru ya kai mu,
Ya kwana a benci yana jirawa.
Na kwance kuɗin mai a haɓar zane,
Ya ce, "Sai magani za ki sayowa."

Wani ɗan kabu-kabu:

Yaya, Baba ne ya koya mini tuƙi ina maraya, kuma shi ya hana ni hawa ba hular kwano. Na san mashin gado ne, don haka roƙo nake yi.

In magada sun amince,
Kada ku bar shi yana tsatsawa.
Da rana zan nemi abincina,
Da dare marasa lafiya zan kaiwa.
Ba zan karɓi ko kwabo ba,
Ladan Baba za a rubutawa.

Babban ɗan marigayi:

Ƙanena, na karanta wa Inna baitocinka, ta yi kuka, sannan ta tara ƙannena duka suka yafe rabonsu.

Gobe ka zo bayan Asuba,
Makulli na hannun Inna tana jirawa.
Birkin baya ya ɗan saki,
Ka kai wa bakanike kafin hawa.